Kurakuran da ke kashe fitilun ado tun kwanansu bai ƙare ba

Da Kirsimeti ta matso, ko Maulidi, ko bikin aure, sai a ciro igiyar fitilun ado daga kwali a jona, rabi ya kama rabi ya ƙi. Nan take mai ita zai ce kayan yanzu ba su da ƙarko, na da sun fi. Abin da na sha gani da idona ya saɓa wa haka. Da wuya ƙwan LED, wato sabon samfurin nan mai cin wuta kaɗan, ya mutu don kansa. Waya ce ke tsinkewa, ko mahaɗa ta yi tsatsa, ko ɗan akwatin da ke sarrafa walƙiyar ya ƙone, kuma galibi da hannunmu a ciki.

Tun 1882 da Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya rataya ƙwayaye 80 a bishiyar Kirsimeti a New York, raunin tsohon ƙwai bai canja ba: siririn zaren da ke cikinsa yana ci da zafi har ya tsinke. LED ba shi da wannan zare, ba ya zafi sosai, robarsa kuma ba ta fashewa kamar gilashi.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na kayan gwanjo. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230. Mutum ya ga igiya mai kyau, ya nemo adafta don filoginta ya shiga soket, ya ɗauka shi ke nan. Adafta ba ta rage ƙarfin wuta. Igiyar za ta haska sau ɗaya, sai warin ƙuna. Duba 'yar takardar da ke manne kusa da filogi kafin ka biya kuɗi. In 120 aka rubuta, sai da taransfoma mai rage wuta.

Wani kuskuren kuma shi ne yar da igiya don ɓangare guda ya mutu. Ƙwayayen a jere suke, wuta na bi ta ɗaya zuwa ɗaya, don haka guda in ya yi sako-sako sai ya ɗauke wa 'yan layinsa. Zare filogi, ka bi su kana dannawa. A tsohon samfuri nemi wanda gilashinsa ya yi baƙi, ka canja shi da wuri, domin kowane ƙwai da ya mutu yana ƙara wa sauran nauyin wuta, sai su riƙa bin juna. A LED mai cirewa, zare ƙwan ka dubi ƙafafunsa biyu. Sau da yawa za ka tarar sun yi kore-kore ko ja da tsatsa, kankarewa kaɗan ta isa. Kuma LED yana da fuska: in ka mayar da shi a juye ba zai kama ba, juya shi kafin ka yanke masa hukunci. Kar ka manta da ɗan fis ɗin da ke cikin filogi.

Ruwa ne babban abokin gabar LED. Igiyar ɗaki ba ta tsakar gida ba ce, balle da damina. Ta waje ka nemi mai alamar IP44 ko sama, wato lambar da ke nuna tana jure feshin ruwa, ka ɗaga mahaɗa daga ƙasa, bakinta na kallon ƙasa.

Wasu kuma su yi ta jona igiya a bayan igiya har katanga ta zagayu. Tsohuwa mai ƙwai 100 tana jan kusan wat 40, ta LED ba ta kai 10 ba, shi ya sa LED ke jure dogon jeri. Amma kar a cakuɗa su a layi ɗaya, kuma kar a wuce adadin da aka rubuta a kwali. In NEPA ta ɗauke, zare su kafin a tada janareta, sai ya daidaita a mayar.

In an gama biki kar a fizgo ta daga kan ƙusa a dunƙule a jefa cikin buhu, nan wayar ke karyewa ta ciki inda ido ba ya gani. A naɗe ta a jikin kwali mai faɗi, a ajiye inda babu laima kuma ɓera ba ya kaiwa.