Kurakuran da aka fi yi wajen gane ciyawar astragalus

Wallahi na gaji. Kusan duk sati sai wani yaro ya shigo mini shago a nan Aboabo, Kumasi, da ganye cikin leda, wai Baba na samo astragalus a kan dutse, waya ta ce shi ne. Astragalus fa ciyawa ce da ake shan saiwarta don magani, a irin su Iran da Sin take fitowa. Wayar taka ta taɓa zuwa Iran?

Babban kuskure shi ne yarda da ganye. Duk dangin wake ne, ƙananan ganye jere biyu-biyu da ɗaya a ƙarshe, baba ta rini haka take, majimfa haka take, shi kansa astragalus kusan iri 3000 ne, masana ma sai sun ga kwanso suke buɗe baki. Ni wannan ya taɓa ci na. Shekarun baya na hau tudun Kwahu ta wajen Nkawkaw, na ga wata ciyawa tsakanin duwatsu, na ce shi ke nan na huta da sayen saiwar astragalus ta Sin mai tsada, na haƙo rabin buhu na biya mata kuɗin mota har Kumasi, na dafa, Allah ya sa a kaina na fara gwadawa. Kwana biyu ina amai. Wani tsohon masunci kallo ɗaya ya yi mata ya ce dangin majimfa ce, wadda ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya taso. Gubar kifi fa! Ni na ɗura wa cikina.

Tun ranar, in babu kwanso ba na cewa komai. Na majimfa dogo ne, shimfiɗaɗɗe, mai gashi. Na astragalus yawanci gajere ne, wani a kumbure, in ka tsaga da yawa za ka ga ɗan bango ya raba shi gida biyu a tsaye. Kuma ina jan bakin ganyen, na majimfa yana yagewa kamar harafin V.

Sai batun dutse. Kun ji an ce tsakanin duwatsu yake fitowa, kowane dutse ya zama hujja. Haba. Busassun tsaunuka masu sanyi ake nufi, Iran, Turkiyya, inda irinsa mai ƙaya yake ba da ƙaro, irin da ake shan saiwarsa kuma arewacin Sin da Mongoliya. Ina haɗinsu da Kwahu mai shan ruwan sama?

Hoton fure kaɗai ba ya isa, ɗauko har da hoton wurin da ya tsiro. Kuma ko na gasken ba duka ake sha ba, akwai irin da ke haukata dawakai a Amurka.