Yadda Za A Raya Hirar Yau da Kullum Tsakanin Ma'aikatan da Ke Aiki Daga Nesa

Ma'aikatan da ke zaune a ofis ɗaya sukan san halin da aikin junansu yake ciki ta hanyar 'yan maganganun da ake yi a bakin ƙofa ko kafin a zauna taro, kuma irin wannan hira ce ke fara ɓacewa idan aka warwatsu. Tun a shekarun 1970 Thomas Allen na jami'ar MIT ya gano cewa yawan maganar injiniyoyi da juna yana raguwa yayin da tazarar teburansu ke ƙaruwa, har ta kusa yankewa idan tazarar ta kai kimanin mita 50. To ina ga waɗanda ke ƙasashe daban-daban? Wani bincike da aka wallafa a 2021 a kan ma'aikatan Microsoft sama da 60,000 ya nuna cewa bayan komawa aiki daga gida kowane rukuni ya ƙara dunƙulewa a cikin kansa, alaƙarsa da sauran sassa kuma ta yi rauni.

Abu na farko shi ne a ware zaure guda a manhajar da ake aiki da ita, ko Slack ko Microsoft Teams, wanda ba a kawo maganar aiki a cikinsa. Buɗe zauren kaɗai ba ya wadatarwa, domin ƙananan ma'aikata sukan yi shiru har sai sun ga abin da shugaba zai yi. Saboda haka shugaban ne ya kamata ya fara, kuma da abu mai sauƙi. Idan ya saka hoton kyanwarsa da ta kwanta a kan madannin kwamfuta ta hana shi rubutu, sauran za su fahimci cewa an yarda a saki jiki, kuma kafin a jima wanda bai taɓa cewa uffan ba zai turo nasa.

Haka kuma, a riƙa buɗe ɗakin taron bidiyo minti goma kafin lokaci, kada kuma a kashe shi da zarar an kammala. A waɗannan 'yan mintuna ne wani zai ce, “Af, kafin ki fita, takardar nan da kika turo jiya ta ƙi buɗewa a wajena,” sai a warware cikin minti biyu matsalar da za ta iya cin kwana uku ta imel.

Game da waɗanda aiki bai taɓa haɗa su ba, akwai manhajoji irin su Donut da ke zaɓar mutum biyu ta hanyar ƙuri'a domin su yi gajeriyar hira. A ganina sau ɗaya a mako biyu ya isa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne tilastawa. Da zarar an fara ɗaukar sunayen waɗanda suka halarci hirar, ko aka wajabta kunna kyamara, ta zama wani taron aiki, mutane kuma za su zo ne da fuskar dole. Wajibi ne a bayyana cewa ba a auna ƙwazon kowa da abin da ya rubuta a zauren, kuma a cika wannan alkawari.

Bambancin lokaci shi ma yana bukatar adalci. Idan kullum mutum ɗaya ne ke hana idonsa barci domin ya samu shiga, a riƙa juya lokacin, ko a koma ga gajerun saƙonnin murya da kowa zai saurara idan gari ya waye masa. In kuma hira ta kai ga yanke shawara a kan aiki, wanda ya kawo maganar ya rubuta ta nan take a zauren aikin, tare da sunan wanda zai aiwatar da ita da ranar da ake sa ran gamawa.