Yadda na ceto 'yar kukata ta cikin tukunya

Hunturu na shigowa Katsina, 'yar kukar da nake reno a salon bonsai (dabarar Japanawa ta renon itace a tukunya ba tare da an bar shi ya yi girma ba) ta zubar da ganye kakaf. Yara suka ɗauka ƙishirwa ce, suka dinga kwarara mata ruwa har gindinta ya yi laushi.

Barci take yi. Itatuwan ƙasashen sanyi, irin na Japan, suna bukatar makonni cikin sanyin da ke ƙasa da digiri 7 na ma'aunin Celsius don su huta. Kuka kuwa rani ke kwantar da ita, ruwanta na jikinta.

Na tumɓuke ta, na datse ruɓaɓɓun saiwoyi da reza, na barbaɗa garin gawayi, ta sha iska a inuwa. Na mayar da ita cikin yashi da tsakuwa, na hana kowa ba ta ruwa. Gab da damina ta yi toho, sannan na soma ba ta kaɗan-kaɗan.