Kurakuran da Aka Fi Yi a Shafin Intanet na Ƙungiyar Likitoci, da Yadda Ake Gyara Su

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ɗaukar ƙungiya a matsayin hukuma. Ƙungiyar Likitocin Najeriya, NMA, taron 'yan sana'a ce mai rassa a jihohi, har da Bauchi da Gombe, aikinta haɗa kan mambobi da kare haƙƙinsu. Hukuma kuwa, wato MDCN, Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wadda aka kafa a 1963, ita ke riƙe da kundin sunayen likitoci da likitocin haƙori, ita ke ba da lambar foliyo, wato lambar rajistar likita a kundinta, da lasisin aiki na kowace shekara. Shafukansu daban, kalmar sirrin da ake shiga da ita daban. Likitan da ya cika fom a shafin ƙungiya ya ga an rubuta masa cewa rajista ta kammala, bai sabunta lasisinsa ba. Lasisin shekara mai zuwa ana biyan kuɗinsa ne kafin 31 ga Disamba, tare da shaidar maki 20 na ƙarin ilimi da aka tara a shekarar, wanda ya makara kuma akwai tara a kansa. Haka nan zama mamba a ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ko ta manyan likitoci, MDCAN, ko ta likitoci mata, MWAN, kowanne da nasa lissafin. Kafin ka rubuta harafi ɗaya, dubi adireshin da ke saman shafin. Hukumomin gwamnati galibi adireshinsu na ƙarewa da gov.ng. Idan kuma mahaɗin shafin ta WhatsApp ya zo maka, kada ka danna, tambayi sakataren reshenku adireshin gaskiya ka rubuta shi da hannunka.

Sai maganar suna, kuma nan ne mutanenmu suka fi shan wahala. Na'ura ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammed mutum ɗaya ba ne, ba ta san A'isha ita ce Aishatu ba. Harafi take gwadawa da harafi. Da yawa daga cikinmu takardar firamare da sunan uba take, ta jami'a an ƙara sunan gari, katin ɗan ƙasa kuma an juya jerin sunayen. Mai cika fom sai ya rubuta wanda ya saba da shi, ranar da za a tantance shi da kundin hukuma a ce ba a same shi ba. Mafita ita ce ka ajiye takardar rajistarka ta MDCN a gabanka, ka kwafi sunan yadda yake a kai, ko da kana ganin ba haka ya kamata a rubuta shi ba. Kula da gurbin sunan dangi da na sunan yanka, domin a nan ake yawan musanya su. Idan takardar hukumar ce da kanta ke da kuskure, can za a fara gyarawa, da takardar rantsuwa ta kotu da sauran shaidun da suka nema. Gyara shi a shafin ƙungiya kaɗai ƙara rikita lamarin ne. Wannan ya shafi likita mace da ta sauya suna bayan aure.

Akwai wata ƙaramar matsala da ba kowa ke gane ta ba. Sunaye irin su Sa'idu, Mu'azu, Rabi'u, Asma'u da Ja'afar suna ɗauke da waƙafin sama, wasu fom kuma ba sa karɓar wannan alamar, sai su ƙi wucewa ba tare da sun faɗi dalili ba, ko su yanke sunan daga inda alamar take. Haruffa masu lanƙwasa irin na Ɗanjuma da Ɗahiru kan fito a rasit a matsayin alamar tambaya. Idan fom ya tsaya cak alhali ka cika komai, cire alamar ka sake gwadawa.

Lambar foliyo a rubuta ta cikakkiya, da haruffanta da sandunan da ke tsakani, ba lambobin ƙarshe kawai ba. Wanda ke cikin horon shekara ɗaya na sabbin likitoci, a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, rajistarsa ta wucin gadi ce, ya zaɓi wannan rukunin, in ya samu cikakkiyar rajista ya koma ya sabunta bayanansa. Lambar waya kuma, in gurbin ya riga ya sa 234, a jefar da sifilin farko. Lambar NIN, wato ta katin ɗan ƙasa, guda 11 ce, a ƙirga.

Imel shi ne mabuɗin asusun gaba ɗaya, amma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Likita ya fito daga kwanan aiki a gajiye, ya ba yaron shagon intanet takardunsa ya ce a cika masa. Yaron ya sa imel ɗin shago, ko ya buɗe sabo nan take ya rubuta kalmar sirrin a bayan rasit. Bayan shekara guda an manta kalmar sirri, saƙon sabunta ta kuma yana tafiya akwatin da mai asusun ba ya iya buɗewa. Imel ɗinka na kanka za ka sa, wanda ke kan wayarka, ba na wurin aiki ba, tunda wurin aiki ana barinsa. Bayan rajista akan turo saƙon tabbatarwa. In bai shigo ba cikin 'yan mintuna, leƙa akwatin Spam. Mahaɗin da ke cikin saƙon yana da wa'adi, in ya wuce sai a nemi a turo wani.

Abin da bai kamata a yi ba ko kaɗan shi ne buɗe asusu na biyu saboda na farko ya ƙi buɗuwa. Sai mutum ya wayi gari kuɗinsa na kan wani asusu, hotonsa da makinsa na kan wani, lambar foliyo ɗaya kuma ta maƙale a tsakani. Haɗe su sai mai kula da shafin, kuma yakan ɗauki lokaci. Yi amfani da gurbin wanda ya manta kalmar sirri, in bai yi ba ka rubuta wa sakatariya, ka haɗa da cikakken suna da lambar foliyo.

Hoto da takardu: kyamarar waya na fitar da hoto mai nauyin megabayit biyu zuwa biyar, fom kuwa sau da yawa 'yan kilobayit yake karɓa. Karanta iyakar da aka rubuta a gefen gurbin, ka rage nauyin hoton kafin ɗorawa. Wayar iPhone na ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda shafuka da dama ba sa ganewa, sai an mayar da shi JPG. Takardar shaida mai shafi biyu a haɗe ta cikin PDF ɗaya, a tabbata hatimi da lamba suna karantuwa.

Wajen biyan kuɗi haƙuri ake bukata. Sabis ya yanke ana tsaka da biya, banki ya turo saƙon cire kuɗi, shafin kuma yana nuna ba a biya ba. Nan take mutum zai sake biya, ya shiga zaryar neman a dawo masa da ɗaya. Dakata tukuna. Ajiye saƙon bankin da lambar cinikin, ka fita daga asusun ka dawo bayan wasu sa'o'i, in akwai maɓallin sake tantance biya ka danna shi. Inda ake biya ta Remita, wata kafar biyan kuɗi ta intanet, lambar biyan da take bayarwa, RRR, guda 12 ce, ita ce shaidarka, a ɗauki hotonta tun kafin a biya. Kada a tura kuɗin ƙungiya asusun wani mutum don ya ce zai biya a madadinka, kada kuma a karanta wa kowa lambar sirrin da banki ya turo. Wanda albashinsa ake cire wa kuɗin ƙungiya kai tsaye ya tambayi ma'ajin reshe kafin ya biya ta intanet.

Wanda aka yi wa sauyin wurin aiki, a ce daga Azare zuwa Kaltungo, ya gyara reshensa a shafin ya kuma sanar da sakatarorin rassan biyu.

Sai maganar neman bayani a shafin. Akwatin bincike na shafin ƙungiya ba Google ba ne, wannan shi ne abin da ya kamata a fara sani. Ba ya fahimtar tambaya, kalmomi yake nema. Wanda ya rubuta doguwar jimla ba zai samu komai ba, ko ya samu tarkace. Kalma biyu ko uku sun isa, da Turanci, tunda da shi aka rubuta shafin. Rubutun Ingila muke bi a Najeriya, don haka anaemia da paediatrics za su fito da abin da anemia da pediatrics na Amurka ba za su fito da shi ba. In ɗaya bai yi ba a gwada ɗayan, a kuma gwada gajeren suna da cikakkensa. Wasu takardun, kamar bayanan bayan taro da fom na mambobi, ba sa bayyana sai an shiga asusu, saboda haka a shiga kafin a bincika.

Sanarwa da yawa hoton takarda mai hatimi ce aka ɗora. Ido na karanta ta, na'ura ba ta ganin kalma ko ɗaya a cikinta, bincike ba zai taɓa kamo ta ba. Irin wannan sai a bi sashen labarai ko na saukar da takardu wata bayan wata. Idan akwatin shafin ya gaza, koma Google ka rubuta site: manne da adireshin shafin ba tazara, sannan kalmar da kake nema. Ƙara filetype:pdf zai tace maka takardu zalla. Cikin doguwar takarda kuma Ctrl da F a kwamfuta na kai ka kan kalmar.

Duk abin da bincike ya fito da shi, dubi kwanan watansa kafin ka yi aiki da shi, domin tsohuwar sanarwar kuɗin ƙungiya ko ta taro kan hau sama ta danne sabuwa. A kuma san inda kowane abu yake: mai neman ƙa'idar kula da zazzaɓin Lassa, cutar da Bauchi ta sani sarai, shafin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, zai nufa, ba na ƙungiya ba. Mai asibitin da ke son ɗaukar likita aiki kada ya dogara da ganin suna a jerin mambobi, ya nemi lasisin bana ya tabbatar da shi a wajen MDCN.

A kwamfutar asibiti da kowa ke taɓawa, in burauza ta tambaya ko ta ajiye kalmar sirri, a ce a'a. In an gama a danna maɓallin fita, rufe shafin kawai ba ya fitar da mutum daga asusunsa.