Babi na Bakwai: Lissafin Naira da Sefa a Kasuwar Maigatari

Darasi na 1: Karanta takardar

Ku samo takardar sefa, ko ta aro ce, ku shimfiɗa ta a tabarma. A kusurwarta akwai lamba, ku ɗora yatsa a kai. Takardun sefa iri biyar ne: 500, 1000, 2000, 5000 da 10000. Ku ƙirga sifilin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya da sifili uku, dubu ɗaya ke nan, ita mutanen Nijar ke kira jaka ɗaya. Sifili huɗu, dubu goma, wato jaka goma. Kada ku dogara da launi kaɗai, domin takarda idan ta tsufa launinta yana dusashewa.

Darasi na 2: Sau biyar

Ku gyara zama, a nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne. Baƙonmu na Magarya ko Damagaram ba ya ƙirga kuɗi da lambar da ke jikin takarda. Da dala yake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Ba dalar Amurka yake nufi ba.

Saboda haka duk abin da ya faɗa da dala, ku ninka shi sau biyar. Ya ce dala goma: goma sau biyar, sefa 50. Ya ce dala ashirin: ashirin sau biyar, sefa 100. Ya ce dala ɗari: ɗari sau biyar, sefa 500, ƙaramar takardar nan da kuka taɓa a darasin farko. Dala ɗari biyu, sefa 1000, jaka ɗaya.

Wanda ninkawa ke ba wuya ya buɗe tafin hannunsa. Yatsu biyar, dala ɗaya. Ya sake buɗewa, dala biyu, sefa 10. A hankali, Inna, babu mai korar ki. Baba, a sake faɗa da ƙarfi: dala ɗaya, sefa biyar.

Yanzu ku rubuta a littafinku. Dala hamsin sefa nawa ce? Wanda ya rubuta 50 ya goge. Hamsin sau biyar, 250. Dala arba'in fa? Idan 40 ta fara zuwa maka a rai, tsaya, buɗe hannu. Amsa 200 ce.

Haba jama'a, kullum sai an maimaita wannan, amma ranar Alhamis mutum ya shiga kasuwa ya manta, ya dawo yana cewa an cuce shi. Babu wanda ya cuce ka, kai ne ba ka ninka ba. Wanda ba ya bita a gida ba zai riƙe ba, ko shekara ya yi yana zuwa aji. Kafin ka yi tayi, kafin ka ce "na sallama", sau biyar tukuna.

Darasi na 3: Me ya sa tsohon lissafi ya daina aiki

Dattawan ajin nan sun ga fam da sule da sisi. Ranar 1 ga Janairu 1973, zamanin Gowon, aka kawo naira: fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Shi ya sa jaka a bakin tsofaffinmu take naira 200, wato fam ɗari. Idan aka ce jaka a bakin iyaka, ku tambaya: ta naira ko ta sefa?

Ita sefa ta girmi naira. Faransa ce ta ƙirƙiro ta a Disamba 1945, ta ɗaure ta da kuɗinta. A Janairu 1994 aka karya darajarta da rabi, kuɗin Faransa ɗaya da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Daga 1999 aka ɗaure ta da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, kuma ƙasashe takwas ne ke kashe ta, babban bankinsu yana Dakar.

Naira ba ta da irin wannan turke. A 1980 ta fi dalar Amurka daraja, kuma a farashin hukuma naira ɗaya ta fi sefa 300. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, ta fara gangarowa. A Yuni 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa farashinta, ta ƙara faɗuwa sosai. Yanzu jakar sefa ta wuce naira dubu. Abin yana da ciwo ga mai sayen dabba daga Nijar, amma ciwon ya fi ga wanda ya je da farashin bara a kansa. Ku tambayi 'yan canji biyu ko uku: "Nawa jaka yau?"

Darasi na 4: Mayarwa naira

A ce yau jaka naira 2,500 ce. Misali ne kawai, ba farashin kasuwa ba. An yi maka kuɗin akuya jaka 20. Ashirin sau 2,500, naira 50,000. Idan da dala aka faɗa, ninka sau biyar tukuna: dala ɗari sefa 500 ce, rabin jaka, naira 1,250.

Darasi na 5

Sefar Chadi da Kamaru daban take da ta Nijar, takardunsu ba iri ɗaya ba ne. A duba kafin a karɓa.

Darasi na 6

Aikin gida: dala ɗari uku sefa nawa ce? Jaka 7 naira nawa ce a farashin misalinmu? A kawo amsa a rubuce.