Kuɗin da mawaƙi ko ɗan wasa zai iya cirewa kafin biyan haraji

Mawaƙi, makaɗi, ɗan rawa ko ɗan wasan kwaikwayo da ke cin gashin kansa, a kan riba ake ɗora masa haraji, ba a kan duk abin da ya shigo hannunsa ba. Sai ya cire abin da ya kashe saboda sana'a, ragowar ake yi wa lissafi. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ma'aunin kusan ɗaya ne: ba don aikin ba, da ka kashe wannan kuɗin?

Akwai waɗanda ba a gardama a kansu: hayar sutudiyo da ɗakin atisaye, ladan 'yan amshi da makaɗa, hotuna da talla, gyaran kayan kiɗa, inshorarsu, da kamashon manaja. Idan manajan yana cire kasonsa kafin ya miƙo maka, rubuta cikakken kuɗin a matsayin abin da ka samu, sannan ka sa kamashon cikin abin da ka kashe. In ba haka ba, lissafinka zai saɓa da na wanda ya biya, kuma irin wannan saɓanin ne ke jawo bincike.

Tufafi ne suka fi yaudarar mutane. Kayan da ba sa sawuwa sai a dandali ko gaban kyamara suna shiga cikin abin da ake cirewa, har da kuɗin wankinsu. Rigar da za ka iya zuwa ko'ina da ita ba ta shiga, ko da don wasa ka saye ta. A 1983 kotu mafi girma a Birtaniya ta hana wata lauya cire kuɗin baƙaƙen kayan da take sawa a kotu, saboda suna kuma suturta ta kamar kowace tufa. Aski da kwalliyar yau da kullum ma haka suke.

Abin da aiki da gida suka yi tarayya a kansa, kamar waya, intanet da mota, rabawa ake yi. Idan kashi 40 cikin 100 na amfanin wayarka na aiki ne, iya kashi 40 za ka cire. Ita mota sai da littafi: kwanan wata, wurin da aka je, dalili da nisan tafiya, a rubuta a ranar. Ƙiyasin ƙarshen shekara ba ya tsayawa gaban mai bincike. A Amurka ɗakin atisaye na gida sai ya zama na aiki kaɗai. Ɗakin da baƙi ke kwana ya fita. Idan wasa ya kai ka wani gari ka kwana, kuɗin jirgi da masauki suna shiga, abinci kuwa a Amurka rabin kuɗinsa kawai ake cirewa. Kwanakin da ka ƙara don shaƙatawa daga aljihunka ne.

Kaya masu tsada da ke daɗewa, irin su piyano da lasifika, galibi ana rarraba kuɗinsu a kan shekaru, sai dai inda doka ta yarda a cire gaba ɗaya. Darasin gyaran murya ga mawaƙi yana shiga, amma karatun shiga wata sabuwar sana'a ba ya shiga.

Buɗe asusun banki na aiki daban. Ɗauki hoton kowane rasit a ranar da ka karɓe shi, don rubutun rasit na inji kan goge, ka kuma rubuta wasan da ya shafa. A Amurka yawanci shekara 3 ake ajiye takardu. A Birtaniya aƙalla shekara 5 bayan wa'adin miƙa bayanan haraji na 31 ga Janairu. Mai nuna asara kowace shekara kuma ya yi hattara, don hukuma na iya cewa sha'awa yake yi ba sana'a ba, ta ƙi amincewa da asarar. A Amurka, cin riba a shekara 3 cikin 5 kan sa a ɗauke ka mai sana'a.