Yadda ake haɗa safar hannu mai ɗumi a jikin babur

Ni da nake ganin na sha sanyin Jos ba abin da zai ban tsoro, sai da na hau babur a Ingila cikin watan Janairu na gane ashe wasa muke. Minti ashirin kawai yatsuna suka sandare, na zo danja zan kama birki hannu ya ƙi bin umarni, wallahi ranar Allah ne ya kiyaye. Shi ya sa na sayi safar nan mai lantarki.

Iri biyu ce. Akwai mai ɗan batir nata a wuyan hannu, yawanci volt 7.4, wannan caji kawai za ka yi ka zura, amma in ka ƙure mata zafi awa biyu zuwa uku ta mutu. Sai mai volt 12 da ake jonawa da batirin babur, irin ta kamfanin Gerbing ko Keis, ita ce ta mai wuni kan hanya kuma ita nake magana a kai.

Kafin ka taɓa komai auna batirinka da mita. In mashin a kashe yake ya kamata ka ga wajen volt 12.6, in ka tayar kuma ka ɗan ja totur ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba to kwayil ɗinka ko abin cajin na da matsala, gyara shi tukuna, musamman masu ƙaramin mashin 125 da wutarsa dama ba yawa gare ta ba.

To sai aiki. Kashe mashin, zare makulli, cire sit. Fara kwance kan batir baƙi mai alamar (-), bayan shi sai ja mai alamar (+), kar ka juya wannan tsarin don in sipana ta taɓa bodi kana kan jan alhali baƙin na haɗe tartsatsi za ka gani. Wayar da ta zo cikin kwalin tana da zobba biyu, mai fiyus a jiki ita ce ta kan batir ja. Ɗora ta ka ɗaure, sannan ka ɗora ɗayar a kan baƙin ka mayar da shi a ƙarshe. Fiyus kuma duba takardar ka sa daidai wanda suka ce na safa kaɗai, ƙarami ne, kar ka ce bari in sa babba don kar ya riƙa ƙonewa, ai ƙonewar ce aikinsa, gara shi da wayar da ke ƙarƙashin mazauninka.

Inda mutane suka fi yin kwaɓa shi ne bin da waya. Fito da filogin ta gefen hagu tsakanin sit da tanki, ka bar kamar taƙi ɗaya yana lilo, sauran ka ɗaure da robobin ɗaure waya nesa da salansa da kan inji da sarƙa. In ka mayar da sit leƙa ka tabbatar bai danne ta ba. Ɗaya wayar mai reshe biyu ta cikin jaket ake bi da ita, kowane reshe ya sauka ta hannun riga, jelar ta fito ta ƙugu inda za ka jona ta da filogin nan. Sa jaket ɗin ka miƙe hannu gaba ɗaya kamar kana riƙe da kan mashin, in ka ji tana ja to ƙara mata sako-sako. Ni da fil na maƙale tawa a bakin hannun riga, don kullum sai ta gudu ciki ina lalube kamar mai neman canji.

Wani abu da ya ci ni, wayar nan kai tsaye take da batir, ko ka kashe makulli wuta na nan. Na taɓa barin safar a jone na shiga cin abinci da hira, na fito mashin ko tari ya ƙi yi, sai turi cikin yayyafi. Yanzu sai na tayar nake jonawa, kafin in kashe kuma na zare. In kana da mantuwa irina kai wa mai gyaran wutar mashin ya sa maka rile, wato ɗan makunni mai aiki da kansa, yadda wutar za ta bi makulli.

Zafin ma kar ka fara da na ƙarshe kana tsaye. Hannu zai yi gumi, gumin ya huce, ka koma gidan jiya, kuma yana iya ƙona bayan hannu ba ka ji ba saboda sanyi. Fara da ƙasa, in ka hau babban titi ka ƙara. Ranar ruwa tura wuyan safar cikin hannun jaket don kar ruwa ya gangaro ciki, in ta jiƙe kuma kar ka murɗe ta wajen matsewa, siraran wayoyi ne a ciki, shanya ta kawai ta bushe da kanta.